Curt Flood: Ɗan wasan da ya sha kaye a kotu, na baya suka kwashi riba

Ranar 24 ga Disamba 1969, Curt Flood, wanda ya shafe shekara 12 yana buga wa kulob ɗin besbol na St. Louis Cardinals wasa, ya aika wa kwamishinan wasan na Amurka, Bowie Kuhn, wata gajeriyar wasiƙa. Kulob ɗinsa ne ya yi musayarsa zuwa wani kulob ba da yardarsa ba. A cikin wasiƙar ya ce bai ɗauki kansa a matsayin kadarar da za a saya a sayar ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ya nemi kwamishinan ya sanar da duk kulob-kulob cewa a kakar 1970 shi ba na kowa ba ne, mai so ya zo su yi ciniki. Kafin shekara ta fita Kuhn ya ba shi amsa: ya yarda ɗan Adam ba kadara ba ne, amma bai ga inda wannan magana ta shafi batun da ake ciki ba.

Daga nan aka shiga shari'ar da ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. Yau idan aka ambaci Flood a can, cewa ake yi shi ya 'yantar da 'yan wasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an taƙaita ta har ta ɓata. Flood ya faɗi a kotun farko, ya faɗi a ɗaukaka ƙara, ya faɗi a Kotun Ƙoli, ko sisin kwabo bai samu ba. Sharaɗin kwantiragin da ya yi wa tawaye, wanda ke ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗinsa, ya ƙara shekara uku da rabi yana aiki bayan hukuncin, kuma ranar da ya rushe, ba alƙalin kotu ne ya rushe shi ba. Abin da ya cancanci nazari shi ne ta wace hanya faɗuwar mutum ɗaya ta buɗe wa sauran ƙofa, da dalilin da ya sa ƙofar ta buɗe rabi kawai.

Tunda besbol ba wasan da muke kallo ba ne, yana da kyau a faɗi aikin mutumin a fili. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda, ya zura da gudu yana taka tashoshi huɗu. In ya zagayo ya dawo inda ya tashi, an ci ɗaya. Ɓangaren da ke tsaro mutum tara ne, kuma in ɗayansu ya cafe ƙwallon tun tana sama, mai bugu ya fita. Uku daga cikin taran suna can nesa a bayan fili, ɗaya hagu, ɗaya dama, ɗaya tsakiya. Na tsakiyan shi ya fi kowa faɗin wurin tsaro, shi ne kuma mai faɗa a ji: in ƙwallo ta taso tsakaninsa da ɗan'uwansa ya ce tasa ce, ɗayan ya kauce. Aikin ya fi ƙarfin gudu kawai. Daga ƙarar sanda da yadda ƙwallon ta tashi zai gane inda za ta sauka, ya juya mata baya ya ruga, ya waiwayo daidai lokacin da take faɗowa. Taku ɗaya na kuskure a farko ya isa ya jawo asara.

Wannan gurbi Flood ya riƙe, a zamanin da Willie Mays yake riƙe da irinsa a San Francisco, kuma duk da haka a 1968 mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bango ta kira shi wanda ya fi kowa a gurbin. Shekara bakwai a jere, daga 1963 zuwa 1969, yana karɓar kyautar Safar Zinare da ake ba gwanayen tsaro. Ya buga wasa 226 a jere bai yi kuskuren tsaro ko ɗaya ba, ciki har da kakar 1966 gaba ɗayanta. A wajen bugu ma ba baya ba ne: a tsawon rayuwar wasansa yana samun nasara kashi 29 cikin 100 na bugunsa, a wasan da kashi 30 ake kira ƙwarewa. A 1964 shi da Roberto Clemente suka yi kunnen doki a saman gasar da bugu 211 kowannensu. Ya ɗauki kofin World Series, karawar ƙarshe tsakanin zakarun manyan gasannin besbol biyu na Amurka, da Cardinals a 1964 da 1967. Ƙaramin mutum ne a jiki, har masu farautar 'yan wasa da yawa suka raina shi tun yana yaro.

An haife shi a Houston ta jihar Texas ranar 18 ga Janairu 1938, amma a Oakland ta Kalifoniya ya tashi, garin da ya fitar da Frank Robinson da Vada Pinson a lokaci guda. Cincinnati ta ɗauke shi a 1956 yana ɗan shekara 18, ta tura shi ƙaramar gasa a Kudu, North Carolina da farko, sannan Savannah a Georgia. Yaron da ya yi makaranta tare da farar fata a Oakland sai ga shi a inda ba ya cin abinci tare da abokan wasansa, ba ya kwana otal ɗinsu, in motar kulob ta tsaya a gidan abinci sai ya zagaya ƙofar baya ko ya jira a miƙo masa. Shi da bakinsa ya ba da labarin ranar da mai kula da kayan kulob ya sa sanda ya tsame rigarsa daga tulin wanki, ya aika da ita wurin wankin baƙar fata, shi kuwa ya zauna tsirara yana jira har abokansa suka fita fili. A kakar 1956 kuma shi ya fi kowa bugu a gasar da ya buga a North Carolina. A 1962 ya bi Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a babbar gasar besbol, zuwa taron neman 'yancin baƙar fata a Mississippi, lokacin da hakan na iya cin ran mutum. A 1964, bayan ya ɗauki kofi, mai wani gida da ya kama haya a wata unguwar farar fata kusa da Oakland ya hana shi shiga da barazanar bindiga, sai da ya samo umarnin kotu. Duk wanda zai fahimci wasiƙar 1969 sai ya riƙe waɗannan a zuciyarsa.

To mene ne sharaɗin? Tun 1879 masu kulob suka haɗa baki cewa kowane kulob zai keɓe 'yan wasa biyar da sauran ba za su taɓa ba. Kafin a daɗe abin ya game kowa. A kwantiragin bai-ɗaya da kowane ɗan wasa ke sa wa hannu akwai sakin layi na 10(a), wanda ya ce in wa'adi ya cika ba a daidaita ba, kulob yana da ikon sabunta kwantiragin na shekara ɗaya a kan sharuɗɗan da. A ido abin ba shi da nauyi. Wayon yana cikin fassara: masu kulob suka ce tunda an sabunta da dukkan sharuɗɗan, to har da sharaɗin sabuntawar kansa, saboda haka baɗi ma za a sake sabuntawa, haka baɗin baɗaɗa, har mutum ya tsufa. Ɗan wasa zaɓi biyu gare shi, ya karɓi abin da aka ba shi ko ya koma gida. Kuma kafin 1968 ana iya rage masa albashi har kashi 25 cikin 100 a sabuntawar. Akwai sanannen labari na Ralph Kiner, wanda ya yi kunnen doki a saman masu bugun fitar da ƙwallo waje a 1952 amma kulob ɗinsa na Pittsburgh ya zo na ƙarshe. Da ya yi ƙorafin rage albashi, babban manajan kulob Branch Rickey ya ce masa sun zo na ƙarshe da shi, za su iya zuwa na ƙarshe ba shi.

A kowace sana'a a Amurka, in masu ɗaukar ma'aikata suka haɗa baki irin haka, dokar hana babakere ta Sherman ta 1890 za ta hau kansu. Besbol kaɗai ya tsira, kuma yadda ya tsira abin mamaki ne. A 1922 wani kulob na Baltimore daga rusasshiyar gasar Federal League ya kai manyan gasannin biyu ƙara, Kotun Ƙoli ta bakin mai shari'a Oliver Wendell Holmes ta ce nuna wasan besbol harka ce ta cikin jiha, ba kasuwanci ne tsakanin jihohi ba, don haka dokar tarayya ba ta shafe shi ba. Tafiye-tafiyen da kulob-kulob ke yi daga jiha zuwa jiha, in ji kotu, ba su ne ainihin harkar ba. A 1953, a shari'ar George Toolson da New York Yankees, kotun ta sake tabbatar da hakan a taƙaice, ta ce in akwai gyara Majalisa ta yi. Abin dariyar shi ne da aka kawo mata dambe a 1955 da ƙwallon Amurka a 1957, ta ce su doka ta hau kansu. Wasa uku, tsari iri ɗaya, ɗaya kaɗai ke da kariya.

Dangantakar Flood da Cardinals ta fara tsami ne daga wasan ƙarshe na World Series ta 1968 da Detroit Tigers. Ana zagaye na bakwai ba wanda ya ci, Bob Gibson na Cardinals yana jifa, Jim Northrup na Detroit ya maka ƙwallo tsakiya. Flood ya fara takowa gaba, ya gane ta fi haka nisa, ya juya ƙafarsa ta zame, ƙwallon ta wuce kansa. Mutum biyu suka ci, Detroit ta ɗauki kofin da 4 da 1. Har gobe ana gardama ko da bai zame ba zai iya kama ta. Da aka zo cinikin albashin 1969 ya nemi dala 100,000, aka tsaya a 90,000 bayan ja-in-ja. Mai kulob ɗin, Gussie Busch, attajirin kamfanin giya na Anheuser-Busch, wanda a da yake ji da Flood, ya tara 'yan wasansa a sansanin atisaye a gaban 'yan jarida ya yi musu wankin babban bargo a kan kwaɗayin kuɗi. Ranar 7 ga Oktoba 1969 aka yi musayar mutum bakwai da Philadelphia Phillies: Flood da Tim McCarver da wasu biyu su tafi, Dick Allen da wasu biyu su zo. Flood yana ɗaya daga kyaftin biyu na kulob ɗin, amma ba mai kulob ne ya kira shi ba, ba babban manaja ba. Wani ma'aikacin ofis ne ya buga masa waya.

Filadelfiya a lokacin ba wurin marmari ba ce. Kulob ɗin ya sha kaye sau 99 a kakar da ta wuce, filinsa ya tsufa, kuma 'yan kallonsa sun yi ta jifan Dick Allen, baƙar fata, har ya koma sa hular kwano ko yana tsaro. Duk da haka Phillies sun yi wa Flood tayin dala 100,000, kuɗin da ya nema a St. Louis aka hana shi. Da kuɗi ne damuwarsa, da magana ta ƙare a nan.

Sai ya nufi Marvin Miller. Miller masanin tattalin arziki ne da ya yi shekaru a ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan ƙarafa kafin 'yan wasan besbol su ɗauke shi ya shugabanci tasu a 1966. Ya tarar da mafi ƙarancin albashi dala 6,000, matsakaici kuma kusan 19,000, kuma a 1968 ya ƙulla yarjejeniyar ƙwadago ta farko a tarihin wasannin ƙwararru na Amurka, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin zuwa 10,000. Miller bai yaudari Flood ba. Ya gaya masa damar cin shari'ar kusan babu, ko ya ci ba zai ga diyya ba, kuma ya manta da zama koci ko wani aiki a besbol har abada. Kamar yadda Miller ya ba da labari, Flood ya tambaya ko nasarar za ta amfani sauran 'yan wasa da masu zuwa, da aka ce masa e, ya ce wannan ya ishe shi. A Disamba ya bayyana gaban wakilan 'yan wasa a Puerto Rico. Tom Haller na Dodgers ya tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe ko don shi baƙar fata ne yake wannan. Flood ya amsa cewa abin da ya sha a matsayin baƙar fata ya sa ya fi saurin jin zafin zalunci, amma ƙarar a matsayin ɗan wasa zai shigar da ita. Wakilan suka amince baki ɗaya ƙungiya ta biya kuɗin shari'a.

A farkon Janairu 1970 ɗan jaridar talabijin Howard Cosell ya ce masa mai ɗaukar dala 90,000 ai ba a kira shi bawa ba. Flood ya ce bawan da ake biya da tsoka, bawa ne dai. Wannan jimla ta jawo masa baƙin jini fiye da ƙarar kanta. Ma'aikacin da ke samun kashi ɗaya cikin goma na albashinsa bai ga abin tausayi ba, yawancin marubuta wasanni suka yi masa ca, wasiƙun zagi da barazanar kisa suka yi ta zuwa. A ganina masu sukar sun kauce wa tambayar da ya yi. Bai ce ana biyansa kaɗan ba. Cewa ya yi ba wani akanta ko injiniya da kamfaninsa zai wayi gari ya ce masa an mayar da kai wani kamfani a wani gari, in ka ƙi ka bar sana'ar gaba ɗaya.

An shigar da ƙarar ranar 16 ga Janairu 1970 a kotun tarayya da ke New York. Lauyansa Arthur Goldberg ne, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, babban suna, sai dai a wannan shekarar hankalinsa ya rabu da takarar gwamnan New York. Jackie Robinson ya zo ya ba da shaida, ciwon sukari ya riga ya ci ƙarfinsa. Tsohon gwanin wasa Hank Greenberg ya zo, haka Bill Veeck, tsohon mai kulob da sauran attajirai ba sa ga-maciji da shi. Amma daga cikin 'yan wasan da ke kan ganiyarsu, waɗanda domin su ake shari'ar, ba ko ɗaya da ya ba da shaida a ɓangarensa. Kowa na tsoron abin da zai biyo baya. Mai shari'a Irving Ben Cooper ya kori ƙarar a Agusta, kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu a 1971.

Hukuncin Kotun Ƙoli ya fito ranar 19 ga Yuni 1972, biyar da uku. Lewis Powell ya janye saboda yana da hannun jari a Anheuser-Busch. Harry Blackmun, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya buɗe da dogon kirari ga wasan besbol, har da jerin sunayen tsoffin gwanaye 88, abin da ya sa biyu daga cikin waɗanda suka goyi bayansa suka ƙi sa hannu a wannan sashe. Bayan kirarin ya amince da kusan duk abin da Flood ya faɗa: besbol kasuwanci ne tsakanin jihohi, kariyar da yake da ita bambaraƙwai ce, ba ta dace da sauran hukunce-hukunce ba. Sannan ya ce duk da haka za a bar ta, domin an yi shekara 50 ana gini a kanta kuma Majalisa ta gani ta yi shiru. William Douglas, wanda yana cikin masu rinjaye a 1953, ya rubuta cewa ya yi nadamar ƙuri'arsa ta wancan lokaci. Shi da William Brennan da Thurgood Marshall suka tsaya wa Flood.

Nan ne labarin ya fi daɗin bibiya, domin abin da ya kashe sharaɗin an shuka shi ne tun ana tsakiyar shari'ar. Babbar hujjar lauyoyin masu kulob a gaban kotu ita ce wannan rigima ce ta ma'aikaci da mai aiki, a bar ta a teburin ciniki da ƙungiyar ƙwadago. Mai faɗin haka a kotu dole ya nuna teburin nan na gaske ne. A yarjejeniyar 1970, wadda aka ƙulla ƙarar Flood na rataye a wuyansu, masu kulob suka yarda da abin da suka daɗe suna ƙi: in an samu saɓani kan fassarar kwantiragi, mai sasanci mai zaman kansa zai yanke, maimakon kwamishina, wanda su suka naɗa shi kuma su ke biyansa. A Afrilu 1972 'yan wasa suka yi yajin aikinsu na farko na gama-gari, kwana 13. A 1973 aka ƙara sasanci kan albashi, da ƙa'idar cewa wanda ya shekara 10 a babbar gasa, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, ba a musayarsa sai da yardarsa. Da wannan ƙa'ida tana nan a 1969, da Flood ya ce a'a kawai ya ci gaba da zamansa a St. Louis. Ron Santo na Chicago Cubs ne ya fara amfani da ita a ƙarshen 1973.

Sai aka samu abin da ya buɗe idon kowa. A 1974 Charlie Finley, mai Oakland Athletics, ya saɓa wani sharaɗin biyan kuɗi a kwantiragin gwanin jifansa Catfish Hunter, mai sasanci Peter Seitz ya ce kwantiragin ya warware. Hunter yana ɗaukar dala 100,000 a shekara. Da ya shiga kasuwa kulob-kulob suka yi ta tururuwa zuwa ƙauyensu a North Carolina, Yankees suka ɗauke shi shekara biyar a kan sama da dala miliyan 3. Ranar ce kowane ɗan wasa ya ga da idonsa tazarar da ke tsakanin abin da ake ba shi da abin da ya kai.

Miller ya daɗe yana karanta sakin layi na 10(a) yana cewa shekara ɗaya tana nufin shekara ɗaya. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai buga kaka guda cur ba tare da ya sa hannu a sabon kwantiragi ba. A 1975 ya samu biyu: Andy Messersmith na Dodgers, da Dave McNally na Montreal, wanda ya riga ya ajiye wasa a tsakiyar kaka amma ya ba da sunansa. Seitz ya shawarci masu kulob su sasanta kafin ya yanke, suka ƙi. Ranar 23 ga Disamba 1975 ya ce babu inda kwantiragin ya ambaci sabuntawa ta har abada, mutanen biyu ba na kowa ba ne. Nan take suka sallame shi daga aiki, suka garzaya kotu suna cewa batun ya fi ƙarfin mai sasanci, su da suka gaya wa kotu a shari'ar Flood cewa batun na teburin ƙwadago ne. Kotuna biyu suka tabbatar da hukuncin Seitz. Sharaɗin da ya kusa shekara 100 ya faɗi a kan fassarar 'yan kalmomi.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da aka fi mantawa. A ƙa'ida, bayan hukuncin Seitz kowane ɗan wasa zai iya buga shekara ɗaya ba sa hannu ya fita kasuwa. Finley, wanda duk rowarsa ba wawa ba ne, ya ba 'yan'uwansa shawara su bar kowa ya zama ɗan kansa duk shekara. Miller ya ce wannan shawara ita ya fi jin tsoro. Duk wanda ya ga yadda tumatir ke faɗuwa warwas ranar da kowane manomi ya kawo nasa kasuwa zai gane dalili: in 'yan wasa 600 suka fito lokaci guda, farashi zai karye, amma in 'yan ƙalilan ne ke fitowa kowace shekara, masu saye za su yi ta rige-rige, kuma farashin da suka kafa shi zai ja na sauran sama ta hanyar sasancin albashi. Masu kulob ba su saurari Finley ba, don burinsu su riƙe 'yan wasa muddin za su iya. A Yuli 1976 aka daidaita a kan shekara shida. Suka fita suna ganin sun tsira da wani abu, alhali sun ba Miller daidai abin da yake so. Matsakaicin albashi ya tashi daga kusan dala 45,000 a 1975 zuwa sama da 140,000 a 1980.

Tsoron da aka yi ta yaɗawa, cewa kulob masu kuɗi za su saye gwanaye su hana kowa kofi, bai tabbata yadda aka faɗa ba. A ƙarƙashin tsohon tsarin ne ma Yankees suka ɗauki kofi 20 tsakanin 1923 da 1962, biyar a jere daga 1949, domin mai kuɗi yana sayen ɗan wasa daga hannun kulob matalauci. Roger Maris kuwa ta musaya suka samo shi daga Kansas City. Tun 1956 masanin tattalin arziki Simon Rottenberg ya yi bayanin cewa gwani zai ƙare a inda ya fi kawo kuɗi ko da sharaɗin ko babu, bambancin kawai aljihun da kuɗin cinikin ke shiga. Daga 1978 zuwa 1987 kulob goma daban-daban suka ɗauki kofi a shekara goma. Masu kulob kuwa ba su haƙura ba: tsakanin 1985 da 1987 suka haɗa baki a ɓoye suka daina taya 'yan wasan juna, aka kama su, suka biya dala miliyan 280.

Shi Flood duk wannan ya same shi a waje. Ya zauna kakar 1970 ba wasa, ya yi wata da watanni a Kopenhagen. A 1971 Washington Senators suka ɗauke shi a kan dala 110,000 bisa yarjejeniyar cewa hakan ba zai taɓa shari'ar ba, amma shekara guda ba atisaye, ga giya, ga bashi, sun gama da shi. Wasa 13 ya buga, ya aika wa mai kulob telegiram daga filin jirgi ya tashi zuwa Sifen, ya buɗe mashaya a tsibirin Mayorka. Yana da shekara 33. Ba waliyyi ba ne, kuma masu ba da tarihinsa ba su ɓoye ba: ya bar iyali da 'ya'ya ba kulawa na tsawon shekaru, harkokin kasuwancinsa sun ruguje da rigingimun haraji. Ya dawo Amurka a tsakiyar shekarun 1970 hannu rabbana, ya yi sharhin rediyo na kaka ɗaya a Oakland a 1978, daga baya ya daina shan giya, ya auri 'yar fim Judy Pace a 1986. A yajin aikin 1994 ya yi wa 'yan wasa jawabi suka miƙe tsaye suna tafa masa. Ya rasu a Los Angeles ranar 20 ga Janairu 1997 bayan fama da kansar maƙogwaro, kwana biyu da cikarsa 59.

Mai bin ƙwallon ƙafar Turai zai ga kamannin labarin da na Jean-Marc Bosman, ɗan Beljiyam ɗin da kulob ɗinsa na Liège ya hana shi komawa Dunkerque ta Faransa a 1990 bayan kwantiraginsa ya ƙare. Shi Bosman ya ci shari'arsa a kotun Tarayyar Turai a Disamba 1995, kuma duk ɗan wasan da muke ji ya tafi kyauta bayan ƙarewar kwantiragi albarkacinsa yake ci. Amma shi ma wasansa ya mutu a zaman jiran hukunci, ya faɗa cikin talauci da shaye-shaye. Bambancin tsarin biyu shi ne Turai ta samu 'yancin daga kotu, ya hau kan kowa lokaci guda. Amurka ta same shi daga ciniki, shi ya sa ya zo da iyaka, kuma duk lokacin sabunta yarjejeniya sai an sake kokawa a kansa.

Iyakar nan tana nan har yau. A Disamba 2024 Juan Soto, shi ma mai tsaron bayan fili, ya sa hannu da New York Mets shekara 15 a kan dala miliyan 765, amma sai da ya cika shekarunsa shida, kuma a cikinsu an yi musayarsa sau biyu ba da zaɓinsa ba, daga Washington zuwa San Diego, daga can zuwa Yankees. Kulob-kulob sun kuma koyi wasa da lissafi. Kwana 172 ake ƙirgawa shekara guda ta aiki. A 2015 Chicago Cubs suka riƙe Kris Bryant a ƙaramar gasa na 'yan kwanaki a farkon kaka, ya gama da kwana 171, suka ƙara samun shekara guda cur a kansa. Ya kai ƙara gaban mai sasanci, ya faɗi. Dokar da Majalisa ta yi a 1998 da sunan Curt Flood ta cire kariyar 1922 ne a kan hulɗar aiki ta 'yan babbar gasa kaɗai. Ƙananan gasanni da batun ƙaurar kulob daga gari zuwa gari ta bar su yadda suke, kuma sai a 2022 dubban 'yan ƙananan gasannin suka samu shiga ƙungiyar ƙwadago. An zaɓi Marvin Miller cikin zauren gwarazan besbol na Cooperstown a Disamba 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa. A 2020 'yan Majalisar Amurka sama da 100 suka rubuta wasiƙa suna neman a sa Flood shi ma, amma da kwamitin da ke duba 'yan zamaninsa ya zauna a ƙarshen 2021, sunansa bai ma shiga takardar zaɓe ba.